Sheda Na Ce, Shida Ya Ji

Ana idar da sallar asuba muka bar Salaga, ni da abokin aikina, malamin lissafi kamar ni. Bawku muka nufa, taron malamai, inda za a zaɓi aiki ɗaya a riƙa nuna wa ɗalibai. Wata bakwai na yi ina shirya nawa: hoton lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha ɗaya. Da sheda na yi shi, wato ɗan shirin kwamfuta mai gaya wa kowane ɗigo na allo launin da zai ɗauka. Ni na koya wa abokin nawa sheda, ta waya ma, kwanan nan.

Hanyar Bimbila ta girgiza mu har kokon da na sha ya nemi dawowa. Doya kuwa tuli-tuli a bakin titi, da araha har ka ji kunyar tayawa.

A Yendi, garin babura, sai da muka jira mota ta cika. Muka ci wake da shinkafa, muka fake a rumfar wani dattijo mai saƙar batakari, rigar saƙi mai layi-layi ta yankin. Don in burge shi na buɗe kwamfuta: lambobina suna zagayawa kamar nadin tabarma, ɗigo-ɗigo masu haske. Ya duba ya ce, "Masta, gero ne ya zube?"

Abokina ya buɗe tasa. Shi ma hoton lambobin nan ya yi. Layi biyu ne baƙaƙe suka sauko tun daga sama, sak zanen batakari. Dattijon ya ajiye aikinsa, ya ɗora yatsa a wani gurbi ya ce, "Nan zarenka ya tsinke."

Abokina ya ce, "Ashirin da biyar ce, Baba. Biyar sau biyar, tana rabuwa."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya nemo talatin da biyar da kansa.

A mota na kasa haƙuri, na tambaye shi wa ya ba shi wannan dabara. Ya ce, "Kai mana, Masta! Ba ka ce in yi da shida ba?" Ashe ranar da na fara yi masa maganar, layin waya na yankewa, na ce sheda ya ji shida. Da na koya masa shedar daga baya, ya ɗauka wani darasi ne daban. Ya jera lambobi shida-shida, kuma ban da biyu da uku, duk irin waɗannan lambobin a layi na ɗaya da na biyar suke faɗawa. Muka wuce Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri. Kowa na yaba kyan wurin, ni ban ga komai ba.

A Bawku warin albasa ya tare mu, da sojoji a kan hanya. A taron, mutum uku suka tsaya gaban nawa, ɗaya ma wurin cajin waya yake nema. Nasa kuwa sai da aka ja kujeru. Shi aka zaɓa. Ya miƙe ya ce ni ne malaminsa, aka tafa mini. Tafin nan ya fi zagi ciwo.

Da muka biyo ta Yendi a dawowa, muka tarar dattijon ya saƙa ƙyalle mai faɗin tafin hannu, fari da layi biyu baƙaƙe. Abokina ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora mini a kafaɗa.

Mun iso Salaga da la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini bai da daɗi: na iya sheda, amma ban taɓa tunanin wanda zai kalli hoton ba. Ƙyallen yana rataye a ajina. Kowane ɗalibi sai ya tambaye ni wa ya ƙirƙiro zanen, ni kuma in faɗi sunan abokina. Har yau da ƙyar nake faɗinsa.