Kabarin da Muka Nema a Bakin Ruwa

Tun shekarar da jirgin ruwan nan ya kife da mutane a wajen Wara, ƙanwata ba ta karɓi gaisuwar ɗanta ba. Yana cikin jirgin, kuma ba a ga gawarsa ba. Duk wanda ya ce mata ya haƙuri, sai ta ce, "Wa ya ga kabarinsa?" Bana wata mai sayar da busasshen kifi ta ba ta labarin wata tunga, inda masunta suka binne wani saurayi mai shidaniya a hannun hagu. Haka ɗanta yake. Ta ce, "Yaya, raka ni."

Mun tashi da asuba daga Shanga, muna idar da salla. Da hantsi muka iso Yelwa, warin albasa da na kifi suka tarye mu tun daga tasha. Muka sha kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai tuyar ko shi ma jinya ya yi. Kuɗin mota kuwa, direban da kansa yake ba da haƙuri kafin ya faɗa.

Hanyar Wara sai a hankali, ramuka sun cinye ta. Wata mata 'yar ƙabilar Kambari da ke cikin motar, da kajinta a cinya, ta ji abin da ya fito da mu. Ta riƙe hannun ƙanwata har muka sauka, sannan ta kai mu wurin wani mai kwalekwale da ta sani. Na miƙa masa kuɗi, ya ture hannuna.

"Malam, ran nan har da ni aka tsamo mutane. Ku shiga kawai."

Ruwa ya kwanta lif, kamar bai taɓa cin kowa ba. Ƙanwata ba ta dube shi ba, tazbaha take ja.

A tungar muka iske wani tsoho yana ɗinkin raga. Da ya ji bayaninmu, ya kai mu bayan wata tsamiya, inda aka kewaye wani kabari da duwatsu. Ya kwatanta saurayin har da rigarsa. Shi ne.

"Mu munka yi mai wanka, munka yi mai salla," in ji shi.

Ƙanwata ta durƙusa ta daɗe. Da ta ɗago ta ce, "Baba, da me kunka rufe shi?"

Tsohon ya shiga sosa ƙeya. Matarsa ce ta amsa daga baya: "Da likkafaninsa, wanda ya aje ma kansa."

"Ke tsohuwa, bakinki ba shi da ƙyaure!"

Ita ce ta gaya mana cewa tun daga ranar, maƙwabta suka fara ajiye farin yadi a masallaci saboda duk wani baƙon da ruwa zai kawo. Tungar da ke gaba ta gani, ita ma ta ɗauki al'adar.

Nan muka kwana, suka cika mu da tuwon shinkafa da miyar kifi. Da safe ƙanwata ta koma Wara ta sayo farin yadi mai kyau, ta ajiye gaban tsohon.

"Ɗiyata, ba rance na ba shi ba."

"Baba, ɗana ya tafi da tufarka. Ka bari in mayar."

Ya shafa yadin ya ce, "To, na karɓa. Amma kada ki zaci zan yi saurin sa shi." Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Mun koma Shanga bayan la'asar. A hanya na yi ta tunanin yadda Allah ke raba nauyin bawa ga mutanen da bai taɓa sani ba, kowa ya ɗauki ɗan abin da zai iya. Muna shiga gida ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika a gaya wa maƙwabta. Wata tsohuwa ce ta fara shigowa, ta zauna ta ce, "Ya haƙuri?"

Ƙanwata ta ce, "Da godiya."