Irin Dawar da Na Ƙona Don In Ci Gardama

Shekarun baya, arba'in ke nan da ɗoriya, ni kuwa yau ina cikin ta saba'in da bakwai a duniya, na aikata wani abu wanda in na tuna shi sai in yi murmushi, sa'an nan in sunkuyar da kai. Na ga matasa suna ta ja-in-ja a kan wa ke aiki da hankali, wa kuma zuciya ke ja, tsakanin masu imani da waɗanda suka ce ba su da shi. Tun ba a haifi yawancinsu ba muka yi wannan gardama, ni kuma ba da fatar baki kaɗai na yi ta ba, har da irin dawar gidanmu.

A lokacin ina koyar da Larabci da addini a firamaren ƙauyenmu, a ƙasar Tudun Wada, kan hanyar Doguwa. Ina kuma noma gonar gado kamar kowa. Ina da wani aboki wanda muka yi karatun allo tare, daga baya ya wuce jami'a, ya komo aka sa shi malamin gona na yankinmu. Ni ina ce masa Bature, shi yana ce mini Alaramma, ko da yake ban kai nan ba.

Wata rana muna dawowa daga kasuwar Tudun Wada a kan babur ɗinsa, ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya kashe inji, ya ce yana da maganar da ba zai iya faɗa wa kowa ba sai ni. Ya ce ya yi karatu, ya yi tunani, ya daina yarda akwai Mahalicci. Na yi salati, na dube shi ko wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Ya ce masallaci zai ci gaba da zuwa ranar Juma'a don kada a tayar wa danginsa da hankali, amma ba ya son ya yi mini ƙarya. Na riƙe masa wannan amana, kuma ba domin ya riga mu gidan gaskiya ba, da ko yau ba ku ji ta ba.

Tun daga ranar gardama ta zama abin da ke haɗa mu. Kusan kullum bayan la'asar sai mun zauna. Maganarsa ɗaya ce:

"Alaramma, ku da zuciya kuke tunani. Abin da kuke so ya zama gaskiya, shi kuke kira gaskiya. Ni sai abin da na auna."

Ni kuma in ce masa, "Bature, hujja ce a hannuna, kai ne girman kai ya rufe wa ido." In kawo masa dalilan malamai, ya kawo mini na littattafansa, mu rabu kowa yana ganin shi ya yi rinjaye.

Sai shekarun farin nan suka zo. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara ta yi nisa, gidaje da yawa har irin shukarsu suka daka suka ci. Mu namu ya tsira ne saboda mahaifiyata. Tun da kaka ta zaɓi zangarniyar dawa farafara mafi kyau, ta sussuke, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta ajiye a ƙuryar ɗakinta. Ko da muka koma tuwo sau ɗaya a yini, ba wanda ya isa ya dubi wajen tulun nan. Shi ne abincinmu na shekara mai zuwa, babu wani bayansa.

Lokacin shuka ya yi, ya fara wucewa, sama fayau. Liman ya sa aka yi azumi kwana uku, muka fita filin idi da tsofaffin tufafi, manya da yara, har da dabbobi, aka yi sallar roƙon ruwa. Liman ya juya mayafinsa, muka juya namu, dattawa suna kuka a fili. Kwana biyu bayan haka, da yamma, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa. Wanda bai ga wannan rana ba, ba zan iya kwatanta masa ita ba. Mata suna guɗa a cikin gidaje, ƙanshin ƙasa ya cika gari.

Da safe ban nufi gona ba, ofishin abokina na nufa. Na same shi tsaye a gaban wani gwangwani mai bakin mazurari da ya kafa a kan turke, wanda yake auna ruwan sama da shi. Na yi sallama, muka gaisa, na ce, "To Bature, wannan kuma a wane littafin ka karanta shi?"

Ya ɗaga kwalbar awon da ke cikin gwangwanin ya nuna mini. "Dubi nan. Wannan ba ruwan shuka ba ne. Ƙasa ta yi wata bakwai tana shan rana, wannan ko wuyanta bai wuce ba. Don girman zumunci, kada ka shuka. Ka jira na biyu."

Da wani ne ya faɗa mini haka, da na saurara. Amma daga bakinsa ta fito, sai na ji kamar addu'ar gari duka yake rainawa. Na ce masa, "Yau zan shuka, kuma ka zo da gwangwaninka ka auna tsiron."

Na koma gida na durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyata. Ita ba ta kiran sunana, saboda ni ne ɗanta na fari. Na ce, "Inna, a buɗe tulu, Allah ya karɓi roƙonmu."

Ta ajiye carbinta, ta ɗauki fartanya, ta zaga bayan gida, ina biye da ita. Ta sari ƙasa sau uku, ta cusa hannu a ramin. Ta fito da shi, sai ga danshi ya tsaya a gaɓar yatsu ta biyu, ƙarƙashinsa busasshen gari. Ta dunƙula ƙasar a tafinta, ta buɗe, ta wargaje. Haka tsofaffinmu suke gwada ruwan shuka: sai lema ta kai wuyan hannu, ƙasa kuma ta dunƙulu ta zauna.

Ta ce, "Bai kai ba."

Na ce, "Haba Inna, ke da kika yi azumin nan da tsufanki? Mu roƙa, a ba mu, sa'an nan mu tsaya muna gwaji kamar masu shakka?"

Ta dube ni, ta ce, "Kai wannan, ruwa muka roƙa, an kuwa ba mu, mun gode. Wa ya ce maka na shuka ne? Wanda ya saukar da ruwan ai shi ya ba ni hannun."

Na kawo mata aya, na kawo mata hadisi a kan dogaro ga Allah, ita da ba ta wuce izu biyu ba. Ta bar ni na gama. Daga ƙarshe ta ce tun da mahaifina ya rasu ni ne maigida, ba za ta yi jayayya da ni a kan gona ba. Ta fasa lakar da hannunta, ta turo mini tulun, ta koma kan buzunta.

Ni da ƙanena muka shiga gona, ina sara da sungumi, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Da gangan na fara daga gefen da ke bakin hanya, inda abokina ke wucewa a babur. Akwai wani Bafulatani da ke sauke shanunsa a gonarmu kowane rani don taki, ba ya tashi sai damina ta kama. Ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallonmu, ya ce, "Malam, ka ga shanuna sun tashi zuwa wani wuri? To ni ban ga damina ba tukuna." Na ce masa ya ji da shanunsa. Kafin azahar ta kashegari babu ƙwaya ɗaya da ta rage a tulun.

Kwana huɗu tsiro ya huda ƙasa, layi-layi, gwanin sha'awa. Na je har gida na ɗauko abokina na nuna masa. Ya tsuguna, ya tona gindin guda ɗaya, ya tashi ya karkaɗe hannunsa, ya kama hanya. Na ɗauka kunya ce ta kama shi.

Daga nan sama ta rufe bakinta kusan mako uku. Ina zuwa kowace safiya ina kallon ganyen yana nannaɗewa, ya koma ruwan toka, ya kwanta. Ranar da ruwan gaske ya sauka, wanda ya kwana ya wuni har kwari ya cika, gonata babu abin da ke raye a cikinta. Mutanen da suka jira suka fita da sungumansu. Ni na zauna a zaure, ba ni da abin zubawa. Na zaga dangi har Ƙiru, kowa abin da ke hannunsa bai ishe shi ba. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, wannan kuwa ya fi mini zafi a kan ta faɗa.

A rana ta uku bayan ruwan, da hantsi, na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Na shirya jin gori. Abokina ya shigo zaure ɗauke da wani ƙullin tsumma, ya ce in yi masa iso wajen Inna. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwance ƙullin. Dawa ce kaura, jajaye-jajaye, manyan ƙwayoyi.

Na ce, "Wannan ai ba irin ofishinku ba ne."

Ya ce na ofis ya rabar tun tuni. "Wannan ta Baba ce."

Mahaifinsa ya rasu shekara shida kafin nan. Wannan kaurar kuwa ita ce wadda shi da bakinsa yake bin ƙauyuka yana ce wa manoma su rabu da ita, wai tana da nawa wajen nuna, ba ta dace da gajeriyar damina ba. Ashe kowace shekara yana shuka ta a bayan gidansa, ya kewaye da zana don kada manoman su gani.

Na ce, "Bature, a awonka, in an shuka wannan yanzu za ta nuna?"

Ya ce, "A awona, da wuya."

"Kuma in ta mutu, ta Baba ta ƙare ke nan?"

"Ta ƙare."

"To wace hujja ce ta sa ka ajiye ta, wace hujja ce kuma ta sa ka kawo wa mutumin da ya ƙona tulu guda?"

Ya ɗan harare ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Alaramma, karɓa za ka yi ko wa'azi za ka yi?"

Mahaifiyata ta jawo ƙullin, ta ɗebi ƙwayoyin tana juya su a tafinta. Ta ce ta san wannan dawa, ta sha cin tuwonta a gidansu. Ta ce kada a kai ta tudu, a zuba ta a ƙasan gona wajen fadama, inda lema ke daɗewa bayan ruwa ya ɗauke, kuma a rage yawan ƙwaya a rami don ta kai ko'ina. Abokina ya yi ɗan tunani, ya ce, "Wallahi Inna ta fi mu lissafi." Shi da ya ce ba ya yarda, da sunan Allah ya rantse, amma ban tanka ba, don ranar ba ni da bakin tankawa. Ta ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi maka albarka." Ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Yadda ta ce haka aka yi. Ba mu sami abin da muka saba samu ba, amma kaurar ta nuna, ta kai mu har wata damina da ɗan ciko na rogo. Da kaka mahaifiyata ta zaɓi zangarniya mafi kyau, ta ɗaure dami guda, ta sa na kai masa har gida a kaina, ba a kan keke ba.

Gardamarmu ba ta mutu ba. Mun ci gaba da ita shekaru, sai dai da sauƙin murya. Ban juyo da shi ba a iya sanina, shi ma bai girgiza ni ba ko kaɗan, abin da ya cika da shi kuwa yana wurin Wanda ya san zukata. Amma ban sake ce masa ni ne mai hujja ba, shi ma bai sake ce mini shi sai abin da ya auna ba.

Abin da na fahimta, bayan tsawon rai, shi ne ba a raba wa mutane hankali da zuciya bisa ga abin da suka yi imani da shi. Ni na shiga gona ina cewa tawakkali ne, alhali so nake abokina ya wuce ya gani. Ayoyin da na jawo gaskiya ne, amma ba su suka kai ni gona ba, fushi ne ya kai ni, na ɗauko su daga baya don su raka ni. Shi kuma mai awo, ƙaunar mahaifinsa ta sa shi ɓoye dawa a bayan zana, ƙaunar da yake yi mini ta sa shi fito da ita. Wadda ta fi mu duka yawan sallah ita ce ta tona ƙasa ta duba. Saboda haka in na ji mutum yana rantsuwa cewa shi hankali zalla yake bi, ko mai rawani ne ko mai kwat, sai in so in san wa yake son ya kayar.

Mahaifiyata da abokina da ƙanena duk sun rasu. Shaidun da suka rage biyu ne. Akwai Bafulatanin nan, yana wajen Doguwa da jikokinsa, ya tsufa amma bai manta ba. Akwai kuma uwargidana, wadda ta ji duk abin da ya gudana daga bakin murhu. Da na karanta mata wannan, ta ce in ƙara da cewa ita ma ta ce mini kada in shuka. Ni dai ban tuna ba, amma ga shi na rubuta.