Abin da Sau-ɗaya Ya Kira Dutse

Ƙanena ba ya duban abu sau biyu, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. Alfahari ma yake yi da shi. In ya ɗanɗana miyarki ya ce gishiri ya yi yawa, to ke mai zabga gishiri ce har abada. In ya kalli mutum ya ce maƙaryaci ne, ko mutumin zai haɗiyi Alƙur'ani ba zai canja magana ba. Shi ya sa tun yana ƙarami muke kiransa Sau-ɗaya, kuma da sunan ya mutu.

A madatsar ruwan garinmu ya yi aiki duk rayuwarsa. Hukumar ruwa tana da wani ƙaramin jirgin ruwa, a cikinsa akwai na'urar da suke kira sona. Tana jefa ƙara cikin ruwa, ƙarar ta bugi abin da ke ƙasa ta dawo. Shi kuma yana zaune a wani ɗan ɗaki mai warin man dizal, abin sauraro a kunne, allo a gabansa, sai ya faɗi ko mene ne. Ya taɓa yi mini bayani da cokali a kicin ɗina. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Kin ji, Yaya? Dutse ke nan. Amsarsa gajera ce, tuk, ta mutu." Ya ƙwanƙwasa tukunyar da babu komai a ciki. "Ƙarfe mai kogo kuwa sai ya ja wutsiya."

In ya ce ƙarfe ne, masu nutso su sauka. In ya ce dutse ne, a sa alama a taswira, ba mai sake waiwayar wurin.

Mijina direban ƙaramar motar kaya ne. Tun ranar da suka fara gaisawa Sau-ɗaya ya ce, "Wannan ba mazauni ba ne." Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka yi faɗa da mijin a kan rufin ɗaki da ke yoyo. Ya ce in ya fita ba zan sake ganinsa ba. Na ce masa Allah ya raka taki gona. Ya ja mota ya fita, bai dawo ba.

Hanyar kasuwa ta bi ta gefen madatsar, akwai kuma wata kwana mai santsi. 'Yan sanda suka ce a duba ƙasan ruwan a nan, aka tura ƙanena. Da yamma ya shigo yana karkaɗe riga.

"Na buga, dutse ne," ya ce. "Yaya, mijinki ba ya ruwa. Yana can wani gari ya miƙe ƙafa yana shan shayi. Gudajje ne kawai."

Na yarda, yarana biyu ma suka yarda. Babban ya cire hoton ubansa daga bango ya tura ƙarƙashin gado. Ƙaramar, in an tambaye ta a makaranta ina babanta, sai ta ce ba ta da shi. Zan faɗi gaskiya a kan Sau-ɗaya: shi ya hau ya gyara rufin da hannunsa, shi ya kai su asibiti, shi ya tsaya musu a wurin aure. Amma bai taɓa zama cin abinci a gidana ba tare da ya ce, "Ina labarin Gudajje?" ba. Yaran suka tashi da wannan sunan a baki.

Na riga na yi furfura lokacin da hukumar ta tashi shimfiɗa sabon bututu a ƙasan ruwa. Layin bututun ya bi ta kwanar, don haka wannan karon jirgin ya fuskanci wurin ta gefen gaɓa, ba ta tsakiyar ruwa ba.

Da tsakar rana sai ga Sau-ɗaya ya faɗo kicin ba sallama.

"Kai, da wannan takalmin za ka taka mini ƙasa? Yanzu na goge!"

Bai ji ni ba. Ya ɗauki cokali ya bugi tukunya. Muka tsaya muna jin ƙarar har ta ƙare.

"Yana jan wutsiya, Yaya."

"Wa?"

"Dutsen kwanar."

Dutsen gaskiya ne, yana nan. Amma motar tana kwance a bayansa cikin laka. In aka bugo daga tsakiyar ruwa, dutsen ƙarar ke fara samu. Ƙa'idar aikinsu ita ce a zaga abu ta kowane gefe kafin a sa masa suna. A ranar farko bai zaga ba, domin ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya kunna na'urar.

Ina tsaye a bakin titi aka jawo motar da injin ɗaga kaya. Laka na zuba ta tagogi. Mijina yana ciki, abin da ya rage nasa. Ban yi kuka ba, na dai kasa rufe bakina. A bayan motar akwai kwanon rufi, ya yi tsatsa, har yanzu a ɗaure da waya. Kasuwa ya je ya sayo. Gida ya nufo.

Ɗana ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya juya.

"Kawu, mutumin da ka sa na tsana ke nan?"

Sau-ɗaya ya sunkuyar da kai. Ƙaramar ta zauna daɓas a tsakiyar kwalta, sai da mata suka ɗaga ta.

Hoton ya koma bango. Ɗana bai sake taka gidan kawunsa ba. Ni na ci gaba da zuba masa abinci, don ƙanena ne, kuma ni ce na ce Allah ya raka taki gona. Bai sake cewa komai a kan gishirina ba.

Ya ajiye aiki a wannan shekarar, ciwo kuma bai ba shi lokaci mai tsawo ba. Abokan aikinsa suka zo duba shi a asibiti, matuƙin jirgin da masu nutso biyu. Matuƙin ya so ya sa shi dariya, ya ce, "Oga, tashi mana, na'ura ta ƙi jin maganar kowa sai taka."

Sau-ɗaya ya kama hannun mutumin ya riƙe gam.

"Duk inda na sa alamar dutse a taswirar nan," ya ce, "ku koma ku zaga shi ta kowane gefe. Don Allah kada ku yarda da ni."