Nonon Tagriss a Rufin Motar Surukina

Duk wanda na tambaya a Dakoro ya ce ba za ta yiwu ba. Masu wankin mota na bakin tasha suka ce ba su taɓa yadin da ke manne a rufin mota daga ciki. Makanike kuwa ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce kol, wato gam, shi kaɗai ke riƙe da yadin a jikin wani siririn soso, da zarar ruwa ya ratsa shi zai saki ya rataya kamar tantanin saniya. Shawararsa ita ce a yage shi, a kai motar Maradi. Na yi masa godiya na tafi.

Motar ba tawa ba ce. Ta mijin ƴata ce, wanda ya bar mini ita amana da zai tafi aikin Hajji, ya ce in hau duk inda nake so. Ni da na shekara da shekaru ina direktan lakwal, wato shugaban makaranta, ban taɓa mayar wa kowa kayansa a lalace ba, kuma ban yi nufin farawa da suruki ba.

Ga yadda abin ya faru. Na je Tagriss ta'aziyyar wani tsohon abokina makiyayi, ƴaƴansa suka ba ni nono a bido, wato jarka, a lokacin da nono ke wuya. Kyauta irin wannan ba a jefa ta baya tare da taya, don haka na ɗaure murfin tam, na ajiye ta a kujerar da ke gefena. Rana ta dafa shi, hanya ta kaɗa shi. Da na iso ƙofar gida na ga bidon ya kumbura, na sassauta murfin, sai nonon ya yi tsiri ya bugi rufin.

Washegari tsamin ya cika motar. Maiɗakina ta leƙo ta taga, ta dubi sama.

"Malam, mi za ka gaya ma yaron nan?"

"Babu abin da zan gaya masa. Zan gyara."

"Kai da ko kofin shayinka ba ka ɗaurayewa?"

Gaskiya ta faɗa. Na san surukina ba zai ce uffan ba, zai karɓi makulli ya yi godiya. Wannan shirun nake tsoro, da kuma ranar da ƴata za ta shiga motar ta ji warin, ta san daga hannun ubanta ya fito.

Na yi tunani a kan maganar makanike: ruwa ne abin gudu. To, sai in yi wanki da kumfa. Na tura motar ƙarƙashin itacen bedi, na buɗe ƙofofin duka. Na kaɗa sabulu a ruwa mai ɗumi har ya yi kumfa, na yage tsohon farin rawanina, ina ɗibar kumfar kaɗai a kan ƙyallen. Na fara gwadawa a wani lungu na baya inda ido ba ya kaiwa, na jira ya bushe. Bai saki ba. Sannan na matsa kan tabon, ina dangwalawa a hankali daga gefe zuwa tsakiya, ban goga ba ko sau ɗaya, ina bi da busasshen ƙyalle.

A rana ta biyu gaggawa ta kama ni, na ɗan jiƙa ƙyallen fiye da kima. Kusa da fitilar rufin, yadin ya yi laushi ƙarƙashin yatsana, ya ɗan sauko. Na tallafe wurin da tafin hannu da busasshen ƙyalle, ina kwance rigingine a kujera, ina salati, kafaɗata tana zafi kamar an sa mata wuta. Aka kira la'asar ina nan. Maiɗakina ta zo ta tsaya, wannan karon ba ta yi zolaya ba, ta ɗauko mafici tana yi wa rufin fifita. Da na janye hannuna, yatsa bayan yatsa, yadin ya tsaya.

Sai wata fargabar ta fito: inda na wanke ya fi sauran haske, ya zama sabon tabo. Dole na bi rufin gaba ɗaya, faɗin tafin hannu bayan faɗin tafin hannu. Don warin kuwa, na ajiye kwandon gawayi a ciki, tagogi a buɗe, har ya ɗauke.

Da surukina ya dawo, ya zo karɓar motarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya shiga ya zauna kansa a sunkuye, kamar yadda ya saba a gabana. Da na yi shiru, da ya tafi bai duba ba. Na ce masa, "Alhaji, ɗaga kanka ka dubi rufin. Nono ya zube a nan, ni na wanke." Ya ɗaga kai, ya shafa yadin daga gaba har baya, ina bin hannunsa da ido. Ko'ina a manne yake. Ya ce, "Baba, ai ya fi yadda na bar shi."

Ina so a rubuta ranar da na mayar da amanar nan lafiya: goma ga watan Muharram, ranar cika-ciki, bayan sallar azahar.