Kaka a Bayan Buhun Yaya Sani

Shekarar da kuɗin sefa ya karye, mu yaran gidanmu a unguwar Derrière la Prison ta birnin Libreville muka samu tatsuniya fiye da tuwo. Ana kamen baƙi marasa takardar zama, wadda muke kira kart, don haka da an yi magariba Baba ke rufe ƙofa. Sai mu kewaye Kaka da murhunta na gawayi a ƙarƙashin rumfar kwano. Kaka 'yar mahautan Damagaram ce, kuma ita kaɗai ce ba ta da kart a gidan. Ko mu yara mun san idan aka shigo bincike, da ita za a tafi.

Yaya Sani ba ya zama da mu wurin tatsuniya. Yana da shekara goma sha tara, yana koyon dambe irin na Turawa, ya cika buhu da yashin bakin teku ya rataye a reshen mangwaro. Tun ranar da wani mai kaki ya ture Baba a kasuwa, ya rantse duk wanda ya sake taɓa tsohonmu sai ya zubar masa da haƙora. Yakan yi ta jibgar buhun yana huci, buhun na lilo har ya kusa taɓa bango. Ni dai a lokacin gani nake duk Libreville babu ƙarfi irin nasa.

Wata maraice Kaka ta gyara garwashi ta ce ga wata nan tafe, mu buɗe kunne. Ta ɗaga murya yadda za ta kai gindin mangwaro. Wai an yi wani ɗan mahauci mai hannu kamar taɓarya, ya je wurin tsohon ɗan dambe neman sirri. Tsohon bai ba shi laya ba. Ya rataye buhun yashi, ya ajiye tulun uwar yaron a bayan buhun, taki ɗaya tsakani, ya ce ya buga amma kada tulu ya fashe. Yaro ya zuba ƙarfi, buhu ya yi lilo, tulu ya tarwatse. Haka ya fasa shida, uwarsa na ɗebo ruwa da ƙwarya tana kuka. Sai ya gane ashe tura buhun yake yi. Ya koyi tayar da naushi daga diddige, ya murɗa ƙugu, ya saki numfashi, hannu ya taɓa ya dawo kafin ido ya ƙifta. A tulu na bakwai buhun ne ya yage a inda yake rataye, yashi ya zube, ruwan tulu ko motsi bai yi ba.

Yaya Sani ya yi dariya ya ce ai wannan zancen yara ne. Kaka ta miƙe da ƙyar, ta ja kujerarta 'yar tsugunne, ta kai bayan buhun ta zauna, goshinta dab da shi.

"To mijina," in ji ta, don haka take tsokanarsa, "ga tulu na bakwai. Buga."

"Kaka, ki tashi, zan ji miki ciwo."

"Ai da ma ni za ka ji wa ciwo, ko a nan ko a bakin titi. Gara in gani da idona."

Yaya ya gyara tsayuwa a gaban buhun. Ya daɗe a tsaye. Da ya buga, sautin ya bambanta, gajere ne mai kauri, na ji shi har cikin ƙirjina. Buhun ya lanƙwashe a tsakiya, ya girgiza, bai matsa ba. Kaka ko ƙifta ido ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni, ba na Yaya ba, na wannan tsohuwa da nake ɗaure wa ɗankwali kullum. Kusan wata guda tana zama a wurin kowace maraice, tana jan carbi, tana ce masa ya sauke kafaɗa.

Masu binciken sun zo wata safiya muna shirin tafiya lekwal, wato makaranta. Suka tsaya a ƙofa, Baba ya miƙa kart ɗinsa. Ɗayansu ya duba, ya jefar da ita cikin taɓo, ya nuna Yaya, ya ce da Faransanci ya ɗauko. Ina bayan Yaya, na ga diddigensa ta ɗaga, ƙugunsa ya fara juyawa. Mutumin bai san yadda ya kusa kwana asibiti ba. Sai Yaya ya durƙusa, ya ɗauki takardar, ya goge ta da rigarsa, ya miƙa da hannu biyu. Suka wuce gida na gaba, ba su leƙa ɗakin da Kaka take ba.

Na daɗe ina jin haushin durƙuson nan, na ɗauka tsoro ne. Sai da na haifi nawa na gane nauyin abin da ya riƙe a hannunsa, don da ya saki naushin nan, da an shiga gidan an tafi da Kaka. Kaka ta ƙara shekara tara tare da mu. A kan gadonta ta cika, kuma Yaya Sani ne ya sa ta a kabari da hannunsa.