Dakta, Haɗa Mini

Ban taɓa ce wa kowa ni likita ne ba. Da wannan na daɗe ina kare kaina, kuma gaskiya ce. Sai dai ban taɓa hana kowa ya ɗauka haka ba. Sakandare na gama, ita ma da ƙyar, na zauna koyon aiki a kemis ɗin wani ogana a nan Lafia, har ya sallame ni na buɗe nawa a bakin hanyar kasuwa. Ranar da na sa farar riga, ranar aka fara ce mini Dakta. A gwanjo na sayi rigar.

Aikina haɗi ne. Ga yadda yake, don wanda bai saba ba. Manomi zai zo daga Adogi ko Kwandere, ya sayar da doyarsa, ya biyo ta wurina ya ce, "Dakta, jiki ba daɗi, haɗa mini." Ba ya faɗin sunan magani, ni ma ba na cika shi da tambaya, don a wurinmu yawan tambaya alamar rashin sanin aiki ce. Sai in jawo gwangwanaye. Farar ƙwaya don ciwon jiki, kafso mai ja da rawaya don ido ya gamsu, sai wani ɗan maganin ƙarin kuzari mai rina fitsari, domin da safe mutum ya ga shaida cewa magani na aiki. Ya watsa duka a baki, ya kora da ruwan leda. Yawancinsu suna warkewa. Waɗanda ba su warke ba ba sa dawowa su faɗa mini, ni kuma ban taɓa bin sawu ba.

Babbar 'yata takan zauna mini a shago idan na tafi sallah. Takardun nan masu ƙananan rubutu da ke zuwa cikin kwalin magani, ni da su nake naɗe ƙwaya idan leda ta ƙare. Ita kuwa karanta su take yi. Da ta kai ajin ƙarshe na sakandare, wata rana tana goge kanta ta ce, "Baba, famasi nake so in karanta a jami'a."

Na ce, "Me ake koya a cikinsa takamaimai?"

"Ilimin haɗa magunguna."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Haɗi? Shekara biyar a kan haɗi? Zagayo nan in koya miki kafin la'asar."

Duk da haka na ji daɗi, har na ba da labari a wurin mai shayi. Daɗin bai daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki na sallami wani mai tari, ta jira ya fita, ta ce cikin ladabi, "Baba, kafson nan takardarsa ta ce sai an sha na kwanaki a jere. Biyu kawai ka ba shi."

"Biyun ya iya saya."

"To in bai kashe cutar ba, ba ƙarfi zai ƙara mata ba?"

Na ce ta je ta duba ko tuwo ya nuna. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na tuna mutanen da kan zo duba shaguna a farar mota, waɗanda in suka shigo gari muke buga wa juna waya, kowa ya ja ƙofa ya ɗaura kwaɗo ya tafi jana'izar da ba a yi ba. Su ne fa masu famasi. Wato da guminka za ka tura 'yarka ta koyo dalilin da zai sa a rufe maka shago, kuma ta dawo ta zauna cikin gidanka tana kallon hannunka.

Daga ranar na zama mai ba da shawara. Na ce mata karatun da tsawo. Na ce makin da ake nema sai 'ya'yan manya. Na ce malanta ta fi dacewa da mace, ga hutu, ga tashi da wuri. Ban taɓa yabon malanta ba a rayuwata sai a wannan watan. Ita dai sai ta ce, "To, Baba," ta koma kan littafinta.

Da na ga ba ta motsa ba, na nemo mata gwani. Akwai wani mai aikin famasi a asibiti da muke haɗuwa a wurin mai shayi, ban taɓa jin ya faɗi alheri ɗaya game da aikinsa ba. Shi kaɗai ne a unguwar ba ya ce mini Dakta, sai Oga Kemis. Na kai ta wurinsa a teburin mai shayin, na zauna gefe ina jiran ya yi mini aiki.

Ya fara da kyau. Ya ce karatun zai cinye mata barci. Ya ce bayan duk wahalar, marasa lafiya za su ɗauke ta mai miƙo magani ta taga, likita kuma zai rubuta abin da kaza ma ba za ta iya karantawa ba, ya ji haushi in an tambaye shi. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sai yarinyar ta ce, "Yallaɓai, to me ya fi ba ka wahala a duka?"

Ya ce, "Haɗi." Ya nuna ni da cokalin shayi. "Sai an gama cika wa mutum ciki da launi-launi a wurin su babanki, sannan a kawo mana shi, magani ya daina yi masa aiki. Ko ƙarya na yi, Oga Kemis? In da mutane irinmu sun yi yawa a garin nan, da abin ya ragu."

Ni na biya kuɗin shayin.

A gida uwarta ta saurari bayanina game da darajar malanta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Dakta." Ita ba ta kirana haka sai in za ta yanke ni. "Tsoron yarinyar nan kake ji, ko tsoron makaranta?"

Na ce ni ne mai gidan nan, malanta za ta cika, magana ta ƙare.

Ranar rajistar jarrabawar shiga jami'a na raka ta da kaina shagon masu kwamfuta, don kada a samu kuskure. Wurin cike yake da iyaye da yara, injin wuta na ta ƙara. Da layi ya zo kanmu, mai kwamfutar ya ce, "Wane kwas?" Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta bar mini in faɗa da bakina.

Na buɗe baki ke nan sai na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne daga Arikya, tsohon mai sayen haɗina, ya kawo jikansa. Da Hausarsa ta kasuwa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ah, Dakta! Yarinyanka ne wannan? Ya girma! To shi kam ba tambaya, aikin magani zai yi. Ɗan likita ai likita ne." Ya juya ga mutane. "Wannan mutum, hannunsa akwai magani. Ku ji abin da zai zaɓa."

Iyaye suna kallona. Mai kwamfuta ya ɗora yatsa yana jira. Na duba ta ina zan ce malanta a gaban mutumin da ya gama ɗora ni a sama, ban ga hanya ba.

Na gyara murya na ce, "Famasi mana. Da me za ta karanta?"

Dattijon ya tafa. Yarinyar ta ɗago ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Na gode, Baba." Na karɓi godiyar, Allah Ya yafe mini. Har yau tana ba ƙawayenta labarin yadda babanta ya sauya ra'ayi a minti na ƙarshe saboda ƙaunarta.

Ta ci jarrabawar, ta samu gurbi. Yanzu ta yi nisa. In ta zo hutu takan tsaya a bayan kanta, mai ciwo ya shigo ta fara: tun yaushe, me ka sha, kana da olsa? Wasu sukan gaji su ce za su dawo in babanta na nan. Kafson nan kam na daina sa shi a haɗi, da farko in tana gari, daga baya ko ba ta nan, don hannuna ya fara nauyi in na kai gwangwanin. Ciniki ya ragu, ba zan ɓoye ba.

A hutun da ya wuce ta auna shagon da ido, ta ce in ta gama za ta yi masa rajista da sunanta, a sa firiji, a cire kwalayen da ke shan rana a taga. Na ce ni fa, ina za a sa ni?

Ta yi ɗan tunani, ta ce, "Baba, ai kai ka iya mutane. Kai za ka riƙa tarbar su a ƙofa."