Muryar da Yaya ya bari a rumbu

Yayana mutum ne mai taurin kai, kuma har yau da ba ya duniya ina jin haushinsa a kan haka. Aikinsa rubuta manhajojin kwamfuta a wani ɗan ɗaki kusa da tashar mota ta Ƙonni, ni kuwa ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza. Duk sadda na leƙa shi sai na tarar yana musu a intanet da mutanen da bai taɓa gani ba. Musun a kan rumbun da masu irin aikinsa ke ajiye manhajoji ne don kowa ya ɗauka. Wasu na cewa a tilasta wa duk mai ajiya ya haɗa da wadda aka riga aka harhaɗa, wadda za ka sauke ka kunna kawai. Shi ya ce sam. A ajiye rubutun asali, kowa ya harhaɗa a injinsa, ya san abin da yake ci. Yakan tuna mini cewa a gidanmu ba a taɓa zuba tuwo a rumbu ba, damin gero ake sawa. Ni kuma in ce to Allah ya ba shi haƙoran tauna gero ɗanye.

Da ciwon Baba ya yi tsanani, Yaya ya koma gida Badagishiri ya zauna da shi. Kullum sai ya ajiye na'urar ɗaukar murya kusa da tabarmarsa ya bar shi yana magana: wa ya haƙa rijiyar garkarmu, yadda ya fara ganin Inna a kasuwa tana sayar da tattasai, shekarar da ruwa ya cinye albasa. Maganar ta yi yawa, katin ajiyarsa kuwa ƙarami ne, sai ya rubuta tasa manhajar da ke matse sauti. Abin da ta matse, ita kaɗai ke iya buɗe shi.

Baba ya rasu. Yaya ya yi wa Inna alkawarin zai kawo mata muryar in ta fita takaba, don kada ta ƙara mata kuka. Ta fita, ya ce bari ya ɗan gyara sautin. Yana cikin gyaran nan babur ɗinsa ya haɗu da babbar mota kusa da Tsarnawa, kwamfutar tana rataye a bayansa. Abin da ya rage mana shi ne katin, da rubutun manhajar da ya ajiye a rumbun intanet. Harhaɗaɗɗiya ko guda bai bari ba. Gero kawai ya bar mana, yadda ya saba.

Inna ba ta san duk wannan ba. Ita dai an ce muryar mijinta tana cikin wani abu kamar ƙwayar kabewa, kuma abin yana hannuna. Duk zuwana gida, kafin in ajiye jaka take tambaya.

"Ke, yaushe za a kawo mani maganar babanku? Ni hwa kwana nika ƙarawa."

Gaskiya ta faɗa. Idonta ya soma tafiya, ƙafa ta ƙi kai ta garka. Tsorona shi ne ta bi su ban cika mata alkawarin ba.

Na kai katin wurin wani abokin Yaya da ke gyaran kwamfuta a Ƙonni. Ya sauke rubutun, ya sa injin ya harhaɗa, sai allon ya cika da jan rubutu. Ya bayyana mini cewa manhajar Yaya ta dogara da wani ɗan guntu da wani can ya rubuta, kuma tsohon guntun ya ƙi harhaɗuwa da kayan aikin yanzu. Muka yi ta fama har damina ta wuce. Wani lokaci rezon intanet ya yanke, wani lokaci wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yan kalmomin da Yaya ya bari wa kansa tsakanin layukan, da Hausarmu ta gida. A wani wuri ya rubuta cewa nan akwai matsala, zai gyara gobe. Na daɗe ina kallon wannan goben. Daga nan duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar shagon sai na waiga.

Rannan abokin ya kira ni yana dariya mai kama da kuka. Ya tono a cikin rumbun ya tarar wani bawan Allah da ba mu sani ba ya taɓa ajiye tsohon guntun a harhaɗe, irin abin da Yaya ya ƙare rayuwarsa yana kushewa. Da shi manhajar ta tashi. Na so a ce Yaya na nan in ga yadda zai murguɗa baki. Abokin ya ce in saurara tukuna, na ce a'a, Inna ce za ta fara ji.

Bayan la'asar na shimfiɗa mata tabarma a gindin itacen bedin tsakar gida. Ta gyara lulluɓi kamar za ta gaida baƙo. Na ajiye kwamfutar da abokin ya ara mini, na kunna sauti na farko, muna jiran tarin Baba da yake fara magana da shi. Sai aka ji ana hura iska a bakin na'ura, aka ji kaji, aka ji muryar Yaya, sarai, yana gwada ko abin na ɗauka.

"Ana ji na? Inna, bar dakan nan, matso kusa ki ce wani abu."

Inna ta dafa ƙasa, ta ja jiki har gwiwarta ta taɓa kwamfutar.

"Ga ni, ɗan nan," ta ce. "Ina jin ka."